Na-Iya da Motar da Ba Ta Sheƙi

A layinmu akwai wani bawan Allah da muke kira Na-Iya. Sunan nan baki biyu gare shi. Tsofaffi suna cewa don shi kaɗai ne ɗan Iya, tsohuwar nan ta gidan ƙarshe. Mu kuwa da muka sha wuya a hannunsa mun san namu dalilin. Ba ka isa ka ambaci wani aiki a duniyar nan ba, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Na iya!" Gyaran agogo, ya iya. Ɗorin karaya, ya iya. Ni mai aski ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, kuma ranar da tsautsayi ya sa na bar masa kan wani mutum na je shan ruwa, har yau mutumin nan ba ya cire hula a gaban jama'a.

Matarsa, Auta, tana da yaya mai hali. Shi kuma Sabo-Fil muke ce masa a bayan idonsa, don duk abin da ya mallaka, daga takalmi har murfin buta, sai ya ce maka sabo ne fil daga ƙetare. Yana da wani shago a gaban gidansa a kulle, Auta ta daɗe tana roƙonsa ya ba mijinta ko ya samu wurin zama ya kama sana'a ɗaya, ya huta da yawo, ita ma ta huta da gori.

To, wata safiya sai ga Sabo-Fil ya faka motarsa a ƙofar gidan Na-Iya. Baƙa ce wuluk, amma ba ta sheƙi ko kaɗan, kamar allon makaranta. Ya sha faɗa mana a shagona cewa irin fentin da manya ke yayi ke nan, kuma a cikin ledarta aka sauke masa ita. Har ƙofar baya ta hagu da ba ta buɗuwa, ya ce makullin tsaro ne na zamani, sai kamfani ya ga dama take buɗewa.

Ya ciro makulli daga aljihu, ya kaɗa shi a gaban hancin Na-Iya.

"Ka ga wannan? Na shago ne. Auta ta hana ni barci. Yau zan gwada ka. Zan bi abokina wani taro, ga mota nan na bari. Ka wanke ta. Ruwa, sabulu, tsumma. In na dawo na same ta a wanke, ba ƙari ba ragi, makulli ya zama naka."

"Haba Yaya, wankin mota ai..."

"Kada ka faɗa."

"Na iya."

Sabo-Fil ya yi tsaki, ya shiga motar abokinsa suka tafi. Auta ta fito da bokiti da sabulu da tsumma, ta ajiye a gaban mijinta, ta ce, "Don girman Allah, Maigida, yau ɗaya dai ka yi abin da aka ce."

Ya wanke motar, ba laifi, wannan kam zan shaide shi. Da a nan ya tsaya, da yanzu yana zaune a shago yana kaɗa ƙafa. Amma sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya karkata kai. Ina ganin ya karkata kan nan na ce a raina, shi ke nan, an zo wurin.

"Mai aski!" ya ƙwala mini kira. "Ka ga abin da na gani? Motar nan ba ta da lafiya. An wanke ta amma ba ta murmushi."

Na ce, "Haka ake yayinta. Mai ita ya faɗa da bakinsa."

"Yayi? Wane irin yayi? Rana ce ta cinye fentin, kunya ta hana Yaya faɗa. Ka bari ka gani. In na goge ta da inji, sai ka rufe shagonka, don kowa a jikinta zai riƙa duba askinsa. Yaya yana zuwa, ba makulli kaɗai ba, har allo zai sa a rubuta mini: Na-Iya, Likitan Motoci. Kafin shekara ta zagayo na buɗe reshe. Kai ma in ka yi ladabi, in ɗauke ka shara."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe." Na koma kan aikina. A kujerata lokacin akwai Baba Direba, wani dattijo da ya tsufa a haya, na riga na kwashe masa rabin kai.

Ba a jima ba sai ga Na-Iya ya dawo daga kasuwa da robobi biyu da wani faffaɗan soso. Ya tara mu kamar mai wa'azi, da ni da tela na gefena da mai walda na tsallaken hanya.

"Wannan," ya ɗaga ta farko, "sunansa mai ci. Yana ɗan cin saman fenti ya kashe ƙarzane. Wannan kuma mai sheƙi, da shi ake gamawa. Mai kayan fentin har da wani koya mini karatu. Wai a sa kaɗan-kaɗan, wai a inuwa, wai inji a hankali, wai a fara da wancan a ƙare da wannan. Na ce malam, kai sayarwa ka sani, mu ne masu aiki."

Tela ya ce, "To me zai hana ka bi abin da ya ce?"

"Aiki biyu don me? Kai in kana cin abu mai maiƙo, sai ka gama ci bakinka ke sheƙi? Ai kana ci kana sheƙi ne."

Ya ɗauko kwanon wanke-wanken Auta, ya juye robobin nan duka biyu a ciki, ya dama da icce. Saura inji. Mai kayan fentin yana da na goge mota na ainihi, amma ya ce ba ya ba da aro ga wanda ya fi shi sani. Sai Na-Iya ya juya kan mai walda.

"Ara mini naka."

"Nawa ƙarfe yake yankawa, Na-Iya. Gudunsa ba irin na goge mota ba ne."

"Inji inji ne, duk juyawa suke yi. In ya fi gudu, ai sai mu fi saurin gamawa."

Mai walda mutum ne mai son kallo. Ya miƙa masa, ya jawo benci ya zauna. Na-Iya ya cire faifan yanka, ya ɗaura soso, ya jawo waya har cikin shagona. Kafin in buɗe baki ya zare injin askina daga soket ya cusa nasa.

"Kai! Ba ka ga mutum a kujera ba?"

"Baba ba sauri yake ba. Ko Baba?"

Baba Direba ya dubi rabin kansa a madubi, ya ce, "Ƙyale shi, ɗana. Juya mini kujerar in ga waje. Na daɗe ban ga haɗari daga farkonsa ba."

Rana ta take, bonet ya yi zafin da zai gasa hannu. Na-Iya ya kamfato haɗin nan ya lafta wa soso har yana ɗiga. Maimakon ya ɗora a jikin mota tukuna, sai ya ɗaga injin sama don kowa ya gani, ya danna.

Wayyo Allah! Fat-fat-fat, ko'ina. Madubina ya rufe. Gemun mai walda ya yi fari. Wani farin yadi da tela ya shanya a ƙofa, na mutane, ya koma mai ɗigo-ɗigo. Ni kuwa a baki na samu rabona, kuma ina shaida muku abin nan ba daɗi.

Tela ya yi kukan kura da almakashi a hannu. "Yadin mutane! Me zan ce wa mai shi?"

"Ka ce masa sabon zane ne," in ji Na-Iya, yana share ido. "Wannan gwaji ne. Kowane gwani sai ya gwada inji."

Sai ya danna soso a kan bonet. Injin ya yi ƙara, ya fizge shi hagu, ya fizge shi dama, shi kuma ya tokare ƙafa ya danne da duk ƙarfinsa. Da ya ɗaga, sai ga wata da'ira a tsakiyar bonet tana walƙiya. Mutanen da suka fara taruwa suka ce, "Kai!"

Shi ke nan, an kashe shi da yabo. Ya buɗe hannuwa, baki har kunne. "Wa ya ce ban iya ba? Mai aski, zo ka duba haƙoranka!"

Ya ci gaba, nan da'ira, can da'ira. Haɗin yana bushewa saboda zafi tun kafin ya juya, yana kamewa a jikin fenti. Wani wuri sheƙi, wani wuri dishi-dishi, wani wuri zobe-zobe. Can sai hayaƙi ya fara tashi.

Mai walda ya ce, "Na-Iya, tana ƙonewa fa."

"Ciwon ne ke fita."

Warin ne ya fito da Auta daga gida. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi motar yayanta da ta koma kamar zabuwa, ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Wankewa aka ce! Maigida, wankewa!"

"Koma ciki, mace ba ta gane aiki sai an gama."

"Ni ban gane ba? Kwanona ma na gane shi! Ajiye injin nan tun makullin bai gama tashi sama ba."

Ya juya don ya ba ta amsa, ya manta injin yana gudu. Soso ya kama abin share gilas, ya tsinke shi ya wulla saman rufin tela. Waya ta naɗe madubin gefe ta karya masa wuya. Kafin ya kashe, injin ya cafke hannun rigarsa ya yage shi har kafaɗa. Soson kuwa ya riga ya narke, ya tsinke ya faɗa kwata.

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Na-Iya ya dubi hannun rigarsa, ya dubi jama'a, ya ce, "Dama soson nan ragon soso ne." Ya kutsa gida, ya fito da soson ƙarfe na kankare tukunya. Auta ta riƙe gefe, ya riƙe gefe, suka yi ta ja, ya fi ta ƙarfi. Ta zauna a dokin ƙofa ta fashe da kuka. Wallahi ta ba ni tausayi, don ita ta san dare nawa ta kwana tana lallashin yayanta.

Ya ɗaura soson ƙarfen a injin, ya koma ƙofar direba, wai a nan zai nuna gwaninta, don nan ne Yaya zai fara gani. Ƙiiii! Baƙin fenti ya tashi kamar ƙura. Ƙarƙashinsa toka-toka. Ya ƙara dannawa don ya kashe toka-tokan, sai ga wani launi ya leƙo, ruwan ɗorawa shar.

Na-Iya ya sha jinin jikinsa. Amma bakin nan nasa ba ya mutuwa.

"Zinare!" ya ce. "Kun gani? Manyan motoci haka ake yi musu, a shimfiɗa zinare a ƙasa saboda tsatsa. Ku da ba ku taɓa fita ba ina za ku sani?"

Tela ya ce, "To ka kankaro mini kaɗan in biya yadin mutane."

"Bari in daidaita ƙofar duka, tabo ɗaya ba ya kyau."

Yana daidaitawa, sai wani jan rubutu ya fara fitowa a kan ruwan ɗorawan. Jama'a suka matso, masu karatu suna haɗa baƙi.

"Ta..." in ji wani.

"Ta lalace," in ji tela.

Injin ya ƙara gaba. "Tas!"

Na-Iya ya yi tsalle. "Allahu akbar! Kun ji da kunnenku? Tas! Motar da kanta ta ba da shaida an wanke ta tas! Auta, share hawayenki ki zo ki karanta!"

Da ya bar shi a haka, da wataƙila ya samu masu gaskata shi, don layinmu ba a rasa wawaye. Amma ya ga sauran baƙi kaɗan a gefe, ya ce bari ya share. Ya shafa sau ɗaya, harafin ƙarshe ya fito ya tsaya ƙiƙam. TASI.

Dariyar da aka yi, har wani ya faɗo daga kan babur. Ana cikin haka motar abokin Sabo-Fil ta tsaya, taron ya watse da wuri. Ya fito yana gyara hula, yana tambayar me ake kallo. Mutane suka dare masa hanya.

Na taɓa ganin mutum ya ga gobara a gidansa, amma ban taɓa ganin fuska irin ta Sabo-Fil ba. Ya dubi bonet, ya dubi madubin da ke reto, ya dubi ƙofa. Idonsa na sauka kan rubutun, sai ya yi wuf ya jingina da ƙofar ya rufe shi da babbar rigarsa.

"Wannan... wannan sunan kamfanin ne," ya ce. "Da harshensu."

A nan ne Baba Direba ya sauko daga kujerata, da mayafin aski a wuya da rabin kai. Ya zagaya motar a hankali, yana shafa ta, ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya tsaya a ƙofar baya ta hagu.

"Yallaɓai, wannan ce mai makullin tsaro?"

"Kada ka taɓa! Sai kamfani..."

Baba ya kama marikin, ya ɗaga sama, ya bangaji ƙofar da ƙugu. Ƙwaras! Ta buɗe.

"Allah sarki, 'Yar Gari!" ya ce, har da ƙwalla. "Ashe kina raye? Rabin rayuwata a cikin motar nan na yi. Ƙofar nan wani mai buhunan albasa ne ya lanƙwasa ta. Yallaɓai, har yanzu in za ta hau tudu sai an kashe rediyo?"

Abokin Sabo-Fil ya ce, "Af! Ashe shi ya sa kullum kake kashewa? Ka ce mini addu'a kake yi."

Allura ta tono garma. Mai walda ya kwanta a benci yana riƙe ciki. Kuma kamar an aiko ta, sai ga wata baƙuwa ta ratso taron da jaka a hannu, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta ga ruwan ɗorawa, ta ga ƙofa a buɗe, ta shige baya ta gyara zama.

"Direba, kasuwa. Ka yi sauri don Allah."

Ta faɗa wa Sabo-Fil ne, da babbar rigarsa da hularsa.

Sai da aka riƙe shi. Da ya samu numfashi, ya ciro makullin shago, ya ɗaga shi a gaban Na-Iya kamar yadda ya yi da safe. Na-Iya, don rashin ta ido, har ya miƙa hannu.

"Auta, zo nan," in ji Sabo-Fil. Ya danƙa mata a tafin hannu. "Shago naki ne, ki sayar da abin da kika ga dama. Amma ran da mijinki ya taka dokin ƙofarsa, ko inuwa ya zo sha, ran nan zan karɓi abina."

Auta ta dubi makullin, ta dubi mijinta, ta ƙulle shi a bakin zane, ƙulli biyu.

"Yaya," in ji Na-Iya da ƙaramar murya, "abin ai da sauƙi. Fenti ne kawai za a sake fesawa. Kuma feshin fenti ni na i..."

"Kul!" Layin gaba ɗaya muka faɗa, har da baƙuwar da ke cikin mota.

Sabo-Fil ya cakumi wuyan rigarsa, ya juya shi ya fuskanci jama'a. "Kai ne Na-Iya, ko? To ga mutane. Faɗa musu abu ɗaya tak da ka iya. Ɗaya!"

Na-Iya ya buɗe baki. Ya dubi tela da yadinsa, ya dubi ni da madubina, ya dubi bakin zanen matarsa inda makullin yake. Tunda na san shi ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai ran nan. Dariyar ta fara raguwa, don abin ya wuce wasa, mutum ne tsaye da rabin riga ido ya raina fata.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Iya ce, an kai mata labari. Ta taho a duƙe, ta ratsa mutane ba ta kalli motar ba ko sau ɗaya. Ta ɗora kan sandarta a hannun Sabo-Fil.

"Sake shi, ɗan nan. Tambayar me kake yi? Bai iya komai ba, kowa ya sani, ni na riga kowa sani. Amma na Iya ne. Ba ni abina."

Sabo-Fil ya saki. Ta kama ɗanta ta hannun rigar da ya rage, ta ja shi suka nufi gidan ƙarshe, yana biye da ita sumui-sumui, kai a ƙasa. Ba wanda ya ƙara dariya. Na zare wayarsa daga soket ɗina, na ce wa Baba Direba ya zo mu ƙarasa. Amma da yake shagona a bakin hanya yake, suna wucewa na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Iya, sandar nan taki ta dushe fa. Akwai sauran mai sheƙi a kwano, in kika ba ni ita zuwa gobe..."

Ƙwas!

Wannan karon ba a ƙasa sandar ta sauka ba.